Rasuwar Goggon Taswira, da Ɗakin da Ta Bari Babu Magaji

Daga Ƙungiyar Malamai da Ɗaliban Taswirar Kowa da Kowa, zuwa ga iyalan marigayiya da ɗaukacin jama'a.

Cikin alhini, da miƙa wuya ga hukuncin Wanda ya ba da rai kuma ya karɓi abinsa, wannan ƙungiya ta samu labarin rasuwar uwarta kuma malamarta, wadda ta assasa ta, ta shugabance ta tun ƙungiyar tana jaririya, Babbar Malama a Sashen Safiyo da Nazarin Ƙasa na jami'armu, Shugabar Ɗakin Binciken Taswira, mai girma Hajiya Dakta, wadda babba da yaro suka fi sani da Goggon Taswira. Allah ya yi mata cikawa a asibitin koyarwa, bayan jinyar ciwon huhu da ta ɗauko a cikin ruwan ambaliyar da ta cinye unguwar bakin kogi a wannan damina. Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma.

Waɗanda suka riski sashenmu kafin zuwan marigayiya za su shaida cewa a kan allo ake koyar da zanen taswira ta kwamfuta, domin manhajar da jami'a ta saya tun da can izinin amfani da ita ya ƙare, ba a sabunta ba, sai ɗalibi ya gama digiri bai taɓa buɗe taswira da hannunsa ba. Da marigayiya ta dawo daga ƙarin karatu, ba ta tsaya jiran a saya mata komai ba. Ta kawo irin manhajar nan da masu ita suka sake ta kyauta ga duniya, wadda kowa zai iya saukewa, ya leƙa cikinta, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya miƙa wa na gaba. Ta roƙi a ba ta wani tsohon sito a ƙasan bene, mai taga ɗaya da ƙofar ƙarfe da sai an sa mata kafaɗa take buɗuwa, ta bi ofis-ofis tana tattara kwamfutocin da aka jingine a bayan kabad, ita da ɗalibanta suka farke su, suka haɗa lafiyayyen wannan da lafiyayyen wancan har suka tashi. Abokan aikinta suka riƙa tsokanar ta da cewa ta buɗe shagon gwangwan. Takan yi dariya ta ce, “Ku bar ni da gwangwanina, shi ba ya tambayar ɗan talaka rasit kafin ya koya masa karatu.”

A wannan ɗaki ne aka yi aikin da ya fi kowane tsaya mata a rai. Unguwar bakin kogi, inda dubban mutane ke kwana suna tashi, ba ta cikin taswirar hukuma, fili ne fari fat a takarda kamar ba a taɓa haihuwar kowa a wurin ba. Marigayiya ta ɗebi ɗalibanta da wayoyinsu, suka shiga lungu da saƙo, suna sa alama a kan kowace rijiya, kowace kwata, kowane ɗakin shan magani da makarantar yara, suna haɗawa da hotunan tauraron ɗan'adam, har unguwar ta fito sarai, sannan ta ɗora aikin a intanet domin duk mai so ya ɗauka ba tare da neman izininta ba. Da aka ce mata wasu za su kwashe su sa sunansu, cewa ta yi, “Su kwasa. Ruwan rijiya da ɗiba yake ƙaruwa.” Wannan kyauta tata ita ta hana ta kujerar farfesa, domin duk lokacin da kwamitin ƙarin girma ya zauna, sai a ce taswirar da aka raba wa jama'a ba ta cikin abubuwan da ake ƙirgawa. Waɗanda ta koyar sun zama farfesoshi tana kallo, ita ce ma mai fara zuwa yi musu barka.

Duk da wannan ilimi, marigayiya mutum ce mai sauƙin kai da son raha. Maigidanta, tsohon direban jirgin ƙasa, ya ba wakilanmu dariya a tsakiyar kuka, da ya ce, “Matar da ta zana garin nan kaf, amma in ta shiga kasuwa sai ta bugo mini waya wai in tuna mata ta wace ƙofa ta shigo.” Ɗalibai mata da iyayensu ke ɗari-ɗarin barin su fita aikin fili, ita da kanta take zuwa gida ta durƙusa ta gaida uba, ta ce ya ba ta amanar 'yarsa, kuma ba ta taɓa dawo da amana da tabo ba.

Wajibi ne ƙungiya ta faɗi abin da ya biyo baya, ko da ba shi da daɗin ji a saƙon ta'aziyya. Binciken marigayiya ya nuna ƙarara cewa bakin magudanar da ke ƙarƙashin babbar gada ya yi wa ruwan da ke gangarowa ƙanƙanta, cewa gine-gine sun toshe hanyoyin da ruwa ya saba bi, kuma duk ranar da sama ta yi da gaske, unguwar za ta nutse har rufin ɗaki. Ta shafa wa layukan da za su fara nutsewa jan launi, ta naɗe taswirar ta kai wa masu ruwa da tsaki. An karɓe ta hannu bibbiyu, an ba ta shayi, an ɗauki hoto da ita, an ce za a kafa kwamiti. Ta koma, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ta sake komawa, ta tarar da taswirar a naɗe a kusurwar ofis an ɗora mata tsintsiya. Damina ta zo ta wuce lafiya, wata ma ta wuce, har aka fara yi mata kallon mai baƙin baki.

A bana ruwan ya zo, kuma ya bi jan launin nan layi bayan layi. Masu aikin ceto da suka iso ba su san unguwar ba, ga ruwa ya shafe hanya da kwata ya mai da su ɗaya, sai taswirar marigayiya ce ta zama idonsu. Duk da shekarunta da hawan jinin da take fama da shi, ta ƙi zama a tudu, ta shiga kwalekwale tana nuna musu inda lungu ya karye, inda rijiya take a buɗe, da gidan da ta san akwai tsohuwar da ba ta iya tafiya. An ceto mutane da dama ta dalilinta. Waɗanda ba a kai gare su ba ma suna da yawa, kuma ta san gidajensu ɗaya bayan ɗaya, ta sha ruwa a wasunsu. 'Yarta, ma'aikaciyar jinya, ta shaida mana cewa tun daga ranar mahaifiyarta ba ta ƙara cin abincin kirki ba, kuma da tari ya sarƙe ta aka kwantar da ita, abin da take maimaitawa shi ne, “Na gaya musu, 'yar nan. Mene ne amfanin sanin da bai tsare kowa ba?”

A irin wannan saƙo an saba yin alkawarin cewa za a ɗora daga inda mamaci ya tsaya. Ƙungiya tana neman afuwar iyalai da jama'a, domin ba za ta yi wa marigayiya romon baka a bakin kabarinta ba. Ruwan da ya ci unguwar ya shiga ɗakin binciken ta tagar nan, ya kwana a cikinsa, babu kwamfuta ko ɗaya da ta tashi. Tun kafin wannan ma, majalisar jami'a ta riga ta yanke shawarar haɗe sashen da wani, kuma an sanar da mu cewa ba za a cike gurbinta ba. Cikin ɗaliban da ta fi sa wa rai, wani ya tsallaka ƙasar waje ba da niyyar dawowa ba, wata tana ƙirga kuɗin mutane a banki, wani yana sayar da waya a bakin tasha. Waɗanda ke tsakiyar bincike a hannunta sun zama marayu, suna yawo da aikinsu ofis-ofis babu mai duba musu. Taswirorin suna nan a intanet, kowa zai iya ɗauka, amma taswira ba ta sabunta kanta, kuma mutanen unguwar sun riga sun fara kafa langa-langa a kan laka, daidai inda ruwan ya kwashe su, saboda ba su da wani wurin zuwa. Muna roƙon duk wani malami, a kowace jami'a yake, da zai iya riƙe hannun ko da ɗalibi ɗaya daga cikinsu, ya neme mu. Mun aika wannan roƙo wurare da yawa, har yanzu shiru.

A madadin shugabanni, dattawa da sauran 'yan ƙungiya da suka rage, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, babanmu, da 'yarta, da ƙannenta maza da mata, da jikokinta, da mazauna unguwar bakin kogi waɗanda suka biyo gawarta da tufafin da suka tsira da su, da kuma mahaifiyarta, Inna, wadda tsufa ya ɗauke wa gani. Da wakilanmu suka durƙusa gabanta, ta lalubo hannun shugabanmu ta riƙe, ta ce, “Ɗana, ita ya kamata ta yi mini sutura. Ku da kuka yi karatu, ku gaya mini, wa zan bar wa aikin suturata yanzu?”

Allah ya jiƙan Goggon Taswira, ya yafe mata kurakuranta, ya sa ilimin da ta raba kyauta ya zama fitila a kabarinta, ya jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su. Allah ya ba Inna da maigida da sauran iyalai juriyar ɗaukar wannan rashi, domin mu dai ba mu da abin ba su sai addu'a. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Sa hannu:
Tsohon Safiyo
Kakakin Ƙungiyar Malamai da Ɗaliban Taswirar Kowa da Kowa