Harsashi Ba Kakin Zuma

Yaya Merle,

A sanar da dangi cewa yau kwanana ashirin ina cin waken gwangwani a Alaska, inda na zo farauta. Ina Verna da yara? Ƙafar Mama fa? Ni lafiya lau, wando ne kawai ya yi mini yawa.

Ka tuna dariyar da nake maka idan kana shafa wa harsasai kakin zuma ɗaya-ɗaya? To, na narka dalma na zuba nawa, ban shafa komai ba. Dalma ta liƙe cikin bindigar Baba, harsashi ya daina tafiya daidai. Ƙatuwar barewa ta tsaya gabana, na harbi bishiya. Maƙwabcina ya ce, "Malam, a kawo wuƙa ka feɗe bishiyar?"

Saura kwana goma hukuma ta rufe lokacin farauta. Don Allah aiko kakin. Kai ke da gaskiya.

Ƙaninka,
Lyle