Tarin Umma

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, ƙafar Gwaggo ma ta yi sauƙi. Baba ne dai ya rame, kuma a kansa na ɗauki biro.

Ka san gidanmu. Shekara talatin Baba yana naɗar waƙoƙin mutane yana tace su a ɗakin nan da ya lulluɓe da katifu, mu kuwa idan jar fitilar ƙofa ta kama, ko numfashi sai da izini. Ka tuna yadda tarin Umma ke shigar masa aiki, ya fito ya kora ta ƙofar gida har mawaƙi ya gama, sannan ya sa reza ya yanke tarin daga zaren kaset ya jefa a shara, yana alfahari aikinsa tsaf yake.

To, wata huɗun nan da rasuwarta, kwalaye yake ta zazzagewa yana neman muryarta. Kaset ɗari uku ya saurara bai samu ko gyaran murya ba, aikin ai tsaf yake. Shekaranjiya ya tsaya a ƙofar ɗakina kamar baƙo, ya tambaya ko ina da wani abu nata a waya. Ina da saƙon da ta turo mana kafin a kwantar da ita a asibiti, tana dariya tana tari. Na sa masa abin sauraro a kunne, wayar na hannuna, na danna, amma sai da na rage sautin gaba ɗaya. Ya ce in ƙara, na ce masa ai sautin ya kai ƙarshe, ni har daga nan ina jin ta. Ka san dama lasifika ta fara cin kunnensa, kuma babu abin da yake tsoro kamar wannan. Ya daɗe yana matse abin da hannu biyu, can ya ce ashe kunnen ya tafi. Jiya ya mayar wa wani mawaƙi aikinsa, ya sa wa ɗakin kwaɗo.

Ban yi nadama ba, Auta, abin da mutum ya shuka shi zai girba. Na san kai ma kana da saƙon, na kuma san sanyin zuciyarka. Idan ya kira, ka ce wayar da saƙon yake ciki ta faɗa ruwa.

Ka gaida matarka da 'yan biyu. Gwaggo tana gaishe ka. Gida yanzu shiru, yadda Baba ya daɗe yana so.

Taka,
Yaya Babba