Dajin Kamuku Ya Fita Duniya

Daren Laraba, Birnin Gwari

Har yanzu mamaki bai sake ni ba. Shugaban sashenmu a wurin aiki ya ce ba maganar ƙarin girma sai na nuna masana nawa suka kafa hujja da bincikena. Na buɗe shafina na intanet inda ake lissafa su, na tarar da shi wayam. Ashe ni na raba kaina uku: wata maƙalar na sa sunan Baba, wata na sa Kakangi, garinmu, yadda aka rubuta ni tun firamare, wata kuma sunan maigidana. Na'ura ta ɗauka mata uku ne.

Da la'asar na hau tudun bayan gida inda sabis ke kamawa, na haɗe sunayen nawa uku wuri guda. Sai ga sunayen masana suna ta zubowa daga ƙasashen da ko a taswira sai na laluba. Yawancinsu a kan maƙalar nan ce ta itatuwan da ƙudan zuma ke bi a dajin Kamuku, wadda na rubuta kafin 'yan bindiga su hana mu shiga.

Na nuna wa Inna. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Su waɗannan sun taɓa zuwa Kamuku?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Ikon Allah. Mu da ke bakinsa mun kasa shiga, shi kuma ya fita ya same su har gida."

Ƙarin girman ma ya fita raina. Ƙamshin furen ɗorawa kawai nake kewa.