Amsar da Ka Bayar Kan Ciwon Baba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan da sauƙi, sai dai jikin Baba. Inna a asibiti take kwana kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura, amma ko an ce ta je gida ta huta ba ta ji.

Auta, ranar da aka kwantar da Baba na tura maka dogon saƙo, na ce numfashinsa ya yi nauyi, abinci ma ya gagara. Ka amsa mini da kalma ɗaya ta Turanci, Noted. Na san ta sarai, ita muke rubuta wa juna a ofis in an sanar da taro ko an canja lokacin tashi, wato an gani, a wuce wurin. Ban ce da gangan ka yi ba, hannu ne ya saba. Amma haba Auta! Baba ne fa, ba sanarwar ofis ba. Wallahi raina ya ɓaci, sai da na ɓuya a bayan ɗakin na yi kuka.

Da ya ɗan farfaɗo ya tambaya ko ka amsa, na karanta masa, ya ce in fassara. Na ce kana nufin ka gani. Sai ya ce to madalla tunda ka gani, aiki ne ya yi maka yawa, kada a dame ka. Mutumin da ya ƙarar da idonsa kan keken ɗinki don ka iya wannan Turancin, shi ke nema maka uzuri. Tun ranar bai ƙara ambatonka ba, amma duk wayar da ta yi ƙara a ɗakin, ko ta mai gadon kusa ce, sai ya ɗaga kai.

Jiya likita ya ja ni gefe ya ce mu sanar da na nesa. Ka san abin da ake nufi. An ce zumunta a ƙafa take, to ban ce lallai ka taso ba, na san nisa. Ka kira kawai. Muryarsa ta fara shaƙewa, ƙila ba zai iya amsa maka ba, amma yana ji, ni zan riƙe masa wayar a kunne.

Inna tana gaishe ka, haka Kawu da Gwaggo. Ka gaida mini amaryarmu da 'yan biyu. Babu gaisuwar Baba a ciki, don ban gaya masa na rubuto maka ba. Ba na so ya sake zaman jira.

Taka har kullum,
Yayarka