A Tuge Turakun Fadama

Da sunan Allah. Ni Almustapha Zayyanu Dinawa, da hankalina cikakke nake wannan rubutu, ko da yake jiki ya raunana. Zuwa ga Lauwali, Ja'afar da ƙanwarku Surayya.

Na ɗaya. Da aka sallamo ni daga asibiti, na sa aka kai ni fadamarmu ta ƙasan madatsar Goronyo in ga albasa. Turaku na tarar an kafa. Kun raba gonar ina raye. Na yi aikin jarida, na ga son kai iri-iri, amma ban taɓa zaton zan tsaya bakina buɗe a gonata ba. Fangali ɗari uku ne a gonar, wato ƙananan gadajen da ake dasa albasa. Kun ɗauki ɗari da ashirin kowanenku, kuka ba Surayya sittin a bakin gulbi, alhali kun san ambaliyar bara ta cinye hamsin daga ciki. Goma kuka bar mata. Mi ta yi muku?

Na biyu. Ni na koya muku aljabara a zaure, da sikelin mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta. Ƙa'idar ɗaya ce: abin da aka yi wa gefe guda, a yi wa ɗayan. Ku kira rabon Surayya x. Namiji yana da biyun mace, kaso biyar ke nan. Ku haɗa da hamsin ɗin da gulbi ya ci, sai 5x + 50 = 300. Ku cire hamsin a hagu, ku cire a dama, saura 5x = 250. Ku raba kowane gefe da biyar. Surayya hamsin, ku ɗari-ɗari. Gulbi gonata ya ci, don haka asarar ta kowa ce.

Na uku. A tuge turakun nan kafin Juma'a. Bayan raina, limamin unguwarmu ya tsaya a auna, Surayya ta fara zaɓa. Injin ban ruwa a bar shi na tarayya.

Na huɗu. Surayya, na ji kin san da maganar, kika yi shiru don kada ciwona ya tashi. Wannan ya fi turakun girgiza ni. Kada ki ƙara yin shiru a kan haƙƙinki.

Allah Ya yi muku albarka, Ya shirya zuriyarku. Lauwali, kai ne babba. Ka je gidan ƙanwarka da ƙafarka ka nemi gafara, ka zo mini da ita mu ci tuwo akushi ɗaya tun ina iya ɗaga hannu.