Iznin Tafiyar Indo Kumasi

Litinin, 5 ga Nuwamba, 1956

Muntaka, uban Indo, ya zo da la'asar, ya tsaya a zaure kamar yadda ya saba tun da muka rabu. Wai zai tafi Kumasi sarin goro idan an yi hutun makaranta, kuma yana so ya tafi da yarinyar. Iya, mahaifiyarsa, tana can wurin wansa, idanunta sun rufe, ba ta da zance sai na Indo, takwararta. Na ce masa Kumasi ba Obi ta nan kusa da mu ba ce. Ƙasar wasu ce, sai an bi jirgin ƙasa har Ikko, a shiga na ruwa. Ya ce, "Na sani, Malama." Na san ya sani, amma ai dole a faɗa.

Hukuncin Alƙali yana nan: tana wurina, Alhamis da yamma ta tafi gidan ubanta, ya dawo da ita hantsin Asabar. Babu mai fita da ita daga ƙasar Lafiya sai mun tsaya gabansa mu biyu mun ce mun yarda. Ban yarda ba. Mutum nawa suka tafi Gwanja da niyyar wata biyu, har yau shiru?

Laraba, 7 ga Nuwamba

"Inna, da gaske ruwan teku ya fi gishirin Awe?" Na ce wa Indo ta gama lissafinta tukuna. Yarinya mai shekara tara ba ta tsoma baki a maganar manya. Na ƙara mata tsoka a miya, don na ga ta rame ne kawai.

Asabar, 10 ga Nuwamba

Ina cuɗa mata baya ta riƙe dantse, ta ƙi bari in taɓa. Lambar rigakafin agana! Jiya ubanta ya kai ta wurin duba-gari, wai ba a shiga jirgin ruwa sai da sabuwa. Ni ce fa nake tsayawa gaban aji ina faɗa wa yara illar agana, har iyaye suna jin haushina. Ba lambar na ƙi ba. Riga malam masallaci na ƙi. Na aika masa da saƙon da ya kamata, ban rage komai ba.

Laraba, 14 ga Nuwamba

Zazzaɓin lambar. Ban je makaranta ba. Ta ce hannuna ya fi na kowa sanyi. Surutu.

Talata, 20 ga Nuwamba

Gaban Alƙali. Na faɗi nawa tiryan-tiryan: nisa, teku, karatu, sannan lambar da aka yi a bayan idona. Alƙali ya ce haƙƙina ne. Muntaka ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na yi kuskure a nan. To." Shi ke nan. Na zo da amsoshi cike da baki, babu wanda ya tambaye ni.

Indo ba ta yi kuka ba. Gara ma ta yi.

Alhamis, 6 ga Disamba

Gobe abokan tafiyarsa za su shiga jirgi. Gobe kuwa Juma'a, tana gidansa, ga lamba a dantse. Wa zai tambayi uba a kan 'yarsa a tasha?

Da na so da na ce ba ta da lafiya, in riƙe ta. Amma da wane baki zan koma aji ina cewa alkawari kaya ne? Na yi mata kitso, na ja da ƙarfi har ta ce wash. Na raka ta bakin titi, abin da ban saba ba.

Juma'a, 7 ga Disamba

Na ji kukan jirgin daga tsakar gida. Tuwo ya kama.

Asabar, 8 ga Disamba

Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji sallamarsa a zaure. Ga ta nan, da rake a hannu, ta ɓata gaban riga. Na yi mata faɗan rigar, don in ban yi faɗa ba ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Bayan ya tafi ta kwashe labari duka, ita ba ta iya riƙe magana. Wai Baffa Mailafiya, ƙanen ubanta, ya ce a saka ta jirgi kawai, kafin in farga sun wuce Kafanchan. Wai Baba ya ce, "Asabar ta uwarta ce." Baffa ya ce to a bar ta, wani ya kai ta gida, shi ya shigo. Baba ya ce bai taɓa aiko ta ta hannun wani ba. Suka tafi suka bar shi. Yanzu sai ya yi wannan doguwar hanya shi kaɗai.

Na ce mata gulma ba kyau. Sannan na ce, "Me kuma ya ce?"

Lahadi, 9 ga Disamba

Iya ce ta yi mini wankan jego, don tawa uwar ta riga mu gidan gaskiya. Ita ke faskara itace, ita ke tafasa ruwa, tana fyaɗa mini ganye tana cewa, "'Yar boko, yau ina turancin?" Ranar da na bar gidan ɗanta ta riƙo mini ƙunshin kayana har bakin hanya, ba ta ce in koma ba, ba ta ce laifina ne ba. Yanzu fuskar yarinya take so ta shafa. Ban ce komai ya canja ba. Tunawa na yi.

Talata, 11 ga Disamba

Mun koma gaban Alƙali. Na ce na yarda, da sharaɗi. Ta dawo kafin a buɗe makaranta. Ba tallan goro, ba huda hanci, salla a kan lokaci. Kada ta kusanci bakin jirgin ruwa ko da wa ya kira ta kallo. Ina cikin maganar ruwan sha Alƙali ya ce, "Malama, kotu na da sauran shari'u." Muntaka ya danne dariya, na gan shi sarai.

Indo ta rungume ni a gaban mutane. 'Yar fari! Ba kunya. Na ture ta, amma ba da sauri ba.

Juma'a, 14 ga Disamba

Sun tafi. Na ɗinka wa Iya zane, na daka mata yaji. Yarinyar ta leƙo ta taga tana ta ɗaga hannu. Na ce ta mayar da kanta ciki.

Laraba, 19 ga Disamba

Ɗakin ya yi faɗi. Babu mai zubar da ruwa a hanya, babu wanda zan yi wa faɗa.

Ngodoo, maƙwabciyata mai sayar da doya, ta shigo aron turmi. Ta ce, "Malama, kin yi ƙoƙari fa. Masu goro ɗin nan, in ya tafi ya tafi ke nan. Ni ba zan ba shi yarinya ba sam." Na ce mata mutum ya riƙa auna magana kafin ya faɗa, kuma ba ta san Muntaka ba. Na ce in ya ce ranar kaza, ta ɗora tukunya kawai.

Ta tsaya tana kallona, turmi a ka, tana murmushi. Wai har waje ana jin muryata. Ni dai ban ga na ɗaga murya ba.