Fuskar Inna

Kafanchan, daren Laraba, damina, 1976

Inna ta rasu a Gobir ina nan ina aiki a tashar jirgin ƙasa, ko hoto ba ta bari ba. Shi ya sa nake koyon zane wurin Malam Bitrus na makarantar mishan. Kullum tulu yake sa ni zanawa, kamar yaro.

Yau na gaji, na zana Inna da ka. Ya duba, ya yi dariya: "Maigida, ai wannan Mama Ladi ne mai tuwon acca! Tsaga kawai ka ƙara masa."

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Fuskar da nake gani kullum wurin sayen tuwo ita hannuna ya sani. Tun isha'i nake rufe ido ina neman hancin Inna, ban same shi ba.